Tallafin Buƙata ko Tallafin Ƙwazo: Yadda Za a Auna Tsadar Digiri na Farko a Jami'o'in Amurka Masu Zaman Kansu

A shekarar karatu ta 2025 zuwa 2026, Jami'ar Harvard ta sanya kuɗin karatu zalla dala 59,320, idan kuma aka haɗa da kuɗin ɗaki da abinci da sauran hidimomin makaranta, jimillar ta kai dala 86,926 a shekara guda. Duk uban da ya ga wannan adadi, ya juya shi zuwa naira ko sefa ko sidi, ba zai sake waiwayar wurin ba. Uban nan kuwa shi ne zai cika da murna ranar da wata jami'ar da ba ta kai Harvard suna ba ta aiko wa ɗansa takarda tana taya shi murnar samun sikolashif na dala 25,000 a kowace shekara. A lissafin gaskiya, sau da yawa takardar da ta sa shi murna ita ce mai tsadar, wurin da ya guda kuma shi ne mai sauƙin, domin kuɗin da jami'ar Amurka mai zaman kanta take rubutawa a shafinta farashin taya ne kawai, kuma ɗalibai kaɗan ne suke biyan sa cikakke. Ƙungiyar jami'an kuɗi na jami'o'in ƙasar takan fitar da rahoto duk shekara, kuma a 'yan shekarun nan rahoton ya nuna cewa rangwamen da jami'o'i masu zaman kansu suke yi wa sababbin ɗalibai ya haura rabin kuɗin karatun da suka rubuta. Abin da iyali za su kwatanta, saboda haka, shi ne ragowar da za ta faɗo a kan uba bayan an cire tallafi, kuma wannan ragowa ta dogara ne ga irin tallafin da jami'ar take bayarwa.

Tallafin iri biyu ne, kuma kowane yana da tambayar da yake yi. Na farko tallafin buƙata ne, wanda yake tambayar nawa iyalin ɗalibi za su iya biya, sannan jami'a ta cike sauran. Na biyu tallafin ƙwazo ne, wanda yake duba sakamakon jarrabawa ko wata baiwa ta ɗalibi, ya yanka masa wani adadi tsayayye, ba tare da la'akari da ko ubansa attajiri ne ko malamin firamare ba.

Manyan jami'o'in nan takwas da ake kira Ivy League, waɗanda suka haɗa da Harvard da Yale da Princeton, ba sa ba da tallafin ƙwazo ko kaɗan, haka ma MIT, shahararriyar jami'ar kimiyya da fasaha da ke jihar Massachusetts. Ko da yaro ya fi kowa maki a ƙasarsu, wannan zai taimaka masa ne wajen samun gurbi, amma ba zai ƙara masa ko kwabo ba a tallafi. Abin da suke yi shi ne auna samun iyali. A watan Maris na 2025 Harvard ta sanar da cewa iyalin da samunsu na shekara bai wuce dala 100,000 ba, ba za su biya komai ba: kuɗin karatu, ɗaki, abinci, inshorar lafiya da kuɗin tafiya duk suna kan jami'a, har da dala 2,000 da ake ba ɗalibi a shekarar farko don ya kintsa. Iyalin da samunsu bai wuce dala 200,000 ba kuwa an ɗauke musu kuɗin karatu. MIT ta riga ta sanar da makamancin wannan tsari a watan Nuwamba na 2024, Princeton kuma tun a 2001 ta daina sanya rance a cikin tallafinta, ta mayar da shi duka kyauta. Abin da ya ba su damar yin haka shi ne dukiyar waƙafi da suka tara shekaru aru-aru, wadda ta Harvard kaɗai ta haura dala biliyan 50. Idan aka duba cewa dala 100,000 a shekara kuɗi ne da mafi yawan manyan ma'aikatan gwamnati a ƙasashenmu ba sa samun ko kusa da shi, za a ga cewa yaron da ya fito daga gidan malamin makaranta ko ɗan kasuwa matsakaici, in dai ya samu gurbi, karatunsa a irin waɗannan wurare ya fi araha a kan karatu a kowace jami'a mai zaman kanta ta gida.

Sharaɗin nan na samun gurbi shi ne dutsen da ke kan hanya, kuma bai kamata a ɓoye girmansa ba. A shekarun baya-bayan nan Harvard tana ɗaukar kimanin mutum huɗu ne a cikin kowane ɗari da suka nema, kuma masu neman nan mafi yawansu zakaru ne a makarantunsu. Ta kuma dawo da wajabcin jarrabawar neman shiga jami'a ta SAT ko ACT a 2024, bayan MIT ta yi haka a 2022. Wanda ya ɗora dukkan fatansa a kan irin waɗannan jami'o'i, ya sani cewa yiwuwar ya tashi hannu rabbana ta fi yawa nesa ba kusa ba.

A nan akwai wani bambanci da ya fi kowane muhimmanci ga ɗalibin da ba ɗan ƙasar Amurka ba, kuma shi ne aka fi yin sakaci da shi. Jami'o'i ƙalilan ne suke yanke hukuncin ba da gurbi ga ɗan wata ƙasa ba tare da sun duba aljihun ubansa ba, sannan su biya masa dukkan buƙatarsa. Harvard, Yale, Princeton, MIT da Kwalejin Amherst sun daɗe a kan wannan tsari, Dartmouth da Bowdoin suka shigo a 2022, daga baya Brown da Notre Dame suka bi sahu. Sauran jami'o'in masu ba da tallafin buƙata, waɗanda su ne mafiya yawa, suna duba nawa ɗalibin zai ci musu kafin su ce masa ya zo. A wurinsu, yaron da ya rubuta cewa iyalinsa ba za su iya biyan komai ba yana gasa ne a kan kujeru kaɗan ƙwarai, wanda kuma ya rubuta cewa zai biya rabi yana da hanya mafi faɗi. Wannan ne yake jawo wasu su ƙara gishiri a kan ƙarfin iyalinsu don su samu shiga, da tunanin cewa in an shiga sai a nemi ƙari. Dabarar ba ta cika yin aiki ba, domin jami'o'i da yawa sun rubuta ƙarara cewa ɗan wata ƙasa da bai nemi tallafi ba lokacin neman gurbi, ba zai samu damar nema ba a shekarun da ke gaba.

Neman tallafin buƙata aiki ne na takardu, kuma takardun an tsara su ne da iyalin Amurka a zuciya. Yawancin jami'o'i masu zaman kansu suna amfani da fom ɗin CSS Profile na hukumar College Board, wanda ake biyan dala 25 don aika shi ga jami'a ta farko da dala 16 ga kowace da ta biyo baya. Fom ɗin yana tambayar albashi, ribar kasuwanci, kuɗin da ke banki, darajar gida da filaye, da yawan mutanen da ke cin abinci daga tukunyar gidan. Ma'aikacin gwamnati zai samu sauƙi, tunda yana da takardar albashi. Ɗan kasuwar da hada-hadarsa ta baki ce da amana, ko manomin da dukiyarsa shanu ce da buhunan hatsi, sai ya zauna ya rubuta ƙiyasi na gaskiya ya kuma nemo shaidar banki. Magidanci mai mata biyu ko uku da 'ya'ya goma sha, wanda kuma yake riƙe da marayun ɗan'uwansa da tsohuwar mahaifiyarsa, ya dace ya yi bayanin wannan duka a gurbin da aka ware don yanayi na musamman, domin jami'in da zai karanta fom ɗin ba zai yi zaton haka da kansa ba, kuma yawan masu dogaro da uba yana rage abin da za a ce ya biya. Gida na gado da ake zaune a ciki da fili da aka saya don ajiyar kuɗi ba a yi musu kallo ɗaya, saboda haka a bambance su a rubuce.

Tallafin ƙwazo ya fi sauƙin samu, kuma wannan shi ne alherinsa na gaskiya. Ɗaruruwan jami'o'i masu zaman kansu suna ba da shi, wasu ma ba sai an cike wani fom na daban ba, takardar gurbi ce take zuwa da shi a ciki. Ga iyalin da ke da ƙarfi sosai, waɗanda tallafin buƙata ba zai ba su komai ba saboda samunsu ya wuce iyaka, shi ne kaɗai hanyar rage kuɗi, kuma a irin wannan hali jami'ar da ta yanka dala 25,000 ta fi wadda ta ce a biya duka. Matsalar tana ga iyali masu matsakaicin ƙarfi, waɗanda adadin da ke saman takarda yake ruɗa su, su yi wa rogo kallon kitse.

A ɗauki misali don a ga yadda lissafin yake tafiya. A ce jami'a ta sanya kuɗin karatu dala 45,000, ɗaki da abinci dala 15,000, inshorar lafiya da littattafai da tikitin jirgi kuma su ci dala 5,000, jimilla dala 65,000. Ta ba yaro sikolashif na dala 25,000, wanda a ido ya fi rabin kuɗin karatu. Abin da ya rage a kan uba dala 40,000 ne a shekarar farko, wato naira miliyan 60 idan aka yi canji a kan naira 1,500. To amma kuɗin makaranta yana hawa kusan kowace shekara (jimillar Harvard ta tashi daga dala 82,866 zuwa dala 86,926 a shekara guda, ƙarin da ya kusa kashi 5 cikin ɗari), shi kuwa sikolashif na ƙwazo yawanci yana nan inda aka yanka shi. Idan kuɗin jami'ar misalinmu yana ƙaruwa da kashi 4 cikin ɗari, ragowar za ta zama dala 42,600 a shekara ta biyu, dala 45,304 a ta uku, dala 48,116 a ta huɗu, gaba ɗaya sama da dala 176,000. Tallafin buƙata a jami'ar da ke biyan dukkan buƙata ba haka yake ba: ana sake lissafa shi kowace shekara, idan kuɗin makaranta ya hau tallafin ya hau tare da shi, idan kuma uba ya rasa aiki ko ya rasu, ana iya rage abin da iyali za su biya. Ta ɗaya gefen kuma, idan samun uba ya ƙaru, tallafin zai ragu, wanda ba ya faruwa da na ƙwazo.

Sai kuma maganar canji, wadda iyalan Najeriya suka ɗanɗana kuɗarta. Kafin watan Yuni na 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, zuwa farkon 2024 ta haura naira 1,500. Uban da ya yi alkawarin biyan dala 40,000 a shekara da kuɗin da yake samu a naira, ya wayi gari nauyin ya ninka sau uku ba tare da jami'ar ta ƙara masa komai ba. Gwargwadon yawan dalar da ta rage a kan uba, gwargwadon girman wannan haɗari, shi ya sa nake ganin cewa ragowar dala 5,000 da ragowar dala 30,000 ba bambancin adadi kaɗai ke tsakaninsu ba, domin ta farko dangi za su iya haɗa ta ko da canji ya ɓaci, ta biyu kuwa ita ce take mayar da yaro gida a shekara ta uku babu digiri babu kuɗi.

Tallafin ƙwazo kuma yana zuwa da sharaɗi, kuma kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Yawanci sai ɗalibi ya riƙe wani matsayi na maki, sau da yawa 3.0 daga cikin 4.0, kuma tallafin zango takwas kawai yake ɗauka. Yaron da ya shiga injiniya ko kimiyyar kwamfuta, ya haɗu da sanyin hunturu da kewar gida da sabon salon koyarwa a shekarar farko, yana iya faɗuwa ƙasa da layin, ya rasa tallafin a daidai lokacin da ba zai iya komawa baya ba. Tallafin buƙata ba ya neman fiye da ci gaba da karatu yadda ya kamata. Akwai dai manyan tallafin ƙwazo da suke ɗauke kuɗin karatu gaba ɗaya, irin wanda Jami'ar Boston take ba ɗalibai kusan ashirin a shekara, ko na Jami'ar Vanderbilt, amma gasar samun su ba ta gaza ta shiga Harvard ba, kuma ɗauke kuɗin karatu bai haɗa da ɗaki da abinci ba, waɗanda su kaɗai sukan haura dala 15,000.

Wasu sukan ce yaron zai yi aiki ya cike giɓin. Bizar karatu ta F-1, in ba da izini na musamman ba, ta yarda da aiki a cikin harabar jami'a ne kawai, kuma bai wuce awa 20 a mako ba lokacin da ake karatu. Ko da ana biyan dala 15 a awa, wanda shi ne mafi ƙarancin lada a jihar Massachusetts, aikin mako talatin dala 9,000 ne zai kawo kafin a cire haraji, ga wanda ya iya haɗa awa ashirin ɗin da karatu ba tare da makinsa ya zube ba. Wannan kuɗin sabulu ne da littafi da kati, ba kuɗin makaranta ba. Akwai kuma wani haraji da ake mantawa da shi: ɓangaren tallafin da ya wuce kuɗin karatu, wato wanda ya biya ɗaki da abinci, gwamnatin Amurka tana ɗaukar sa a matsayin samu, kuma ana cire kashi 14 cikin ɗari daga na ɗalibin wata ƙasa. Ya kamata a tambayi jami'a ko ita ce take ɗaukar nauyin wannan haraji ko ɗalibi.

Ga iyalan Hausawa da ke zaune a Amurka, waɗanda 'ya'yansu 'yan ƙasa ne ko suke da katin zama na dindindin, ƙofar ta fi faɗi. Su suna iya cike fom ɗin FAFSA na gwamnatin tarayya, wanda yake buɗe hanyar tallafin Pell da ya kai dala 7,395 a shekara ga mai ƙaramin ƙarfi, kuma jami'o'in da ba sa duba aljihu kafin ba da gurbi sun fi yawa a gare su. Sai dai a karanta takardar tallafi da idon basira, domin jami'o'i da yawa sukan jera rance a layi ɗaya da kyauta, su tara duka su kira shi tallafi. Rancen gwamnati ga ɗalibin shekarar farko da ke ƙarƙashin iyayensa bai wuce dala 5,500 ba, kuma yana ɗauke da kuɗin ruwa sama da kashi 6 cikin ɗari a shekarun nan. Ga iyalin da kuɗin ruwa yake damun su ta fuskar addini, wannan kaɗai ya isa dalilin fifita jami'ar da ba ta sanya rance a tallafinta. Ɗalibin da ya zo daga waje ba ya cikin masu samun rancen gwamnati, na bankuna kuma yawanci sai da ɗan ƙasa da zai tsaya masa.

Akwai wata hanya ta uku da ba ta shiga kowane rukuni sosai ba. Kwalejin Berea da ke jihar Kentucky, wadda aka kafa a 1855, ba ta karɓar kuɗin karatu daga kowane ɗalibi tun 1892, kuma masu ƙaramin ƙarfi kaɗai take ɗauka, har ta kan ƙi yaro saboda iyalinsa sun fi ƙarfin tsarinta. A madadin haka kowane ɗalibi yana yin aikin aƙalla awa goma a mako a cikin kwalejin. Makaranta ce ƙarama mai tushen Kiristanci wadda take karɓar mabiya kowane addini, kuma 'yan ƙasashen waje da take ɗauka a shekara ba su da yawa, don haka ita ma ba wurin dogaro ba ce ita kaɗai.

Lokacin nema ma yana shafar kuɗi. Wasu jami'o'i suna da tsarin nema da wuri mai ɗaure wuya, wanda ake rufewa a farkon Nuwamba, kuma wanda aka ɗauka ya yi alkawarin zuwa ya janye sauran takardunsa. Wanda zai kwatanta tallafi da tallafi ya fi dacewa ya bi tsarin da ake rufewa a farkon Janairu, ya karɓi amsoshi a ƙarshen Maris, ya samu har zuwa 1 ga Mayu yana auna su, har ma ya iya nuna wa wata jami'a takardar wata ya roƙi a sake duba nasa. Ban da wannan akwai kuɗin jarrabawa, da dala 350 na rajistar SEVIS, wato kundin da gwamnatin Amurka take rajistar ɗaliban ƙasashen waje a ciki, da dala 185 na neman biza, kuma ofisoshin EducationUSA, cibiyoyin gwamnatin Amurka na jagorantar masu neman karatu a can, da ke Abuja da Legas suna ba da shawara a kan waɗannan matakai. Maganar bizar kanta ta zama abin dubawa tun kafin a kashe kwabo, domin a watan Yuni na 2025 gwamnatin Amurka ta hana 'yan Chadi da Sudan shiga ƙasar, a watan Disamba kuma ta faɗaɗa takunkumin ya shafi Nijar, ya kuma taɓa bizar karatu ta 'yan Najeriya. Tallafi komai girmansa ba shi da amfani ga wanda ba zai iya shiga ƙasar ba, saboda haka a tabbatar da halin da dokar take ciki a shekarar da za a nema.

Wannan ne ya sa duk lissafin da za a yi, ya kamata a ajiye jami'ar gida ko ta maƙwabta a gefensa. Jami'o'i masu zaman kansu a Najeriya, irin su AUN da ke Yola, Al-Qalam da ke Katsina da Baze da ke Abuja, ana biyan su ne da naira, kuma yajin aikin ASUU irin na wata takwas da aka yi a 2022 ba ya shafar su, amma rancen ɗalibai na NELFUND da aka fara a 2024 bai haɗa da ɗalibansu ba, don haka nauyin yana kan iyali. A Ghana, Jami'ar Ashesi da Patrick Awuah ya kafa a 2002 tana ba da cikakken tallafi ga wasu ɗaliban Afirka tare da gidauniyar Mastercard. Idan yaro ya samu gurbi a jami'ar Amurka da ke biyan dukkan buƙata, kuma hanyar biza a buɗe take, babu wani zaɓi a nan da ya kai shi sauƙi ga aljihun uba. Idan kuwa abin da ke hannu sikolashif ne na ƙwazo da ya bar dala dubu talatin ko arba'in a kan iyalin da samunsu da naira ne ko sefa, shawarata ita ce a yi digirin farko a gida, a adana ƙarfin don digiri na biyu ko na uku, inda jami'o'in Amurka da yawa suke ɗauke wa ɗalibin bincike kuɗin karatu, su kuma biya shi alawus saboda aikin koyarwa ko na ɗakin gwaji da yake yi musu.